Ƙarin kekunan haya ko gyaran hanyar keke, wanne ne gaba a garin jami'a?

Ɗan_Laburare:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Jami'armu tana wani ƙaramin gari ne a gefen babban birni, daga ɗakina zuwa sashenmu tafiyar kwatan awa ce a keke. Bara aka kawo mana kekunan haya, irin waɗanda ake buɗewa da manhajar waya. To amma da ƙarfe takwas na safe ko keke ɗaya ba ka samu a tashar da ke gaban ɗakunan kwana, duk sun tare a bakin ɗakunan lacca. Da yamma kuma sai abin ya juye. Ranar Talata da ƙafa na taka, na tarar malami ya rufe ƙofa. Ita kuma hanyar keken farin fenti ne kawai aka ja a gefen titi, tana isa babbar mararraba sai ta ɓace ɓat. Ƙungiyar ɗalibai ta ce mu kawo shawara mako mai zuwa, kuɗin kuma ba zai ɗauki aiki biyu ba. Me zan ce musu?

Malam_Injiniya:
Wa'alaikumus salam. Hanya, ɗan'uwa. Fenti ba ya tare mota. Wanda ke tsoron titi ba zai hau keke ba ko kyauta aka ba shi, kuma matsoratan nan sun fi mu yawa.

Dubi garin Davis na jihar Kalifoniya a Amurka, shi ma garin jami'a ne kusa da birnin Sakaramento. Tun 1967 suka ware wa keke layinsa a kan titi, jami'ar kuma ta hana motoci ratsa tsakiyar harabarta, har shataletale aka yi wa kekuna. Shekaru da dama bayan haka kekunan manhaja suka iso, suka tarar da gari ya riga ya saba. A Groningen ta ƙasar Holan kuwa, a 1977 aka raba tsakiyar gari gida huɗu: mai mota ba ya tsallakawa daga wannan sashe zuwa wancan sai ya zagaya ta titin kewaye, mai keke kuwa ya miƙe abinsa.

Ku fara da mararrabar nan da ka ambata. A nan mota mai shan kwana take datse gaban mai keken da ya miƙe, direban bai ma gan shi ba. Ku nemi dakalin kankare a kusurwa, wanda zai tilasta wa mota rage gudu, da fitilar ba da hannu da za ta saki kekuna kafin motoci.

Ummu_Hanan:
Malam ya yi gaskiya, sai dai bai taɓo makararka ba. Ko an ninka kekunan, da safe gefe guda za su kwarara, tunda kowa lacca ya nufa. Abin da ake yi shi ne a sa a-kori-kura tana kwaso su tana mayarwa, ko a ba mahaya tukuici. A Faris, tsarin kekunan haya na Vélib' da aka buɗe a 2007 ya riƙa ƙara wa mutum minti 15 na hawa kyauta in ya ajiye keke a tashar da ke kan tudu. A tambayi masu kekunan naku sau nawa suke jigilar nan a rana. Wannan magana ce ta yarjejeniya, ba sai ta ci kuɗin hanya ba. Kada a manta kamfanin kekunan haya na Ofo ma a Jami'ar Peking ya faro, daga baya aka ga tsibin kekuna yashe a biranen Sin saboda an zuba su ba lissafi.

Mai_Faci:
Ni dai ka sayi naka na hannu, ka huta. Kayan kowa ba mai tattalinsa. A Kambirij ta Ingila an gwada kekunan kyauta a 1993, ba a jima ba aka neme su aka rasa. Ka ce a kafa ƙarafunan jingina da za a ɗaure jikin keke, ba taya kaɗai ba. Nawa na farko tayar gaba kawai ɓarawo ya bar mini, tana nan ɗaure da kwaɗonta lafiya lau.

Ɗan_Laburare:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Gobe zan tsaya a mararrabar daga bakwai da rabi zuwa tara in ƙirga kekuna da motocin da ke shan kwana, in kai musu a rubuce. Yaya Ummu, zan tambayi batun jigilar. Mai_Faci, wane irin kwaɗo ka koma amfani da shi bayan satar?