Motar farko ga ɗan shekara 18: waɗanda suka saya, me kuka gani?

Wata uwa, Hanwa: Assalamu alaikum. Babban ɗana ya cika 18, ya samu gurbi a ABU Samaru, kuma shi nake so ya riƙa sauke ƙannensa a makaranta. Mahaifinsu ya rasu, ba ni da mai tsaya min. Shi idonsa na kan ƙatuwar mota mai silinda shida, ni kuwa da na tuna tirelolin Kwangila sai gabana ya faɗi. Don Allah ku ba ni shawara.

Malamin makaranta, Tudun Wada: Wa alaikumus salam Hajiya, Allah Ya jiƙan maigida. Corolla ƙirar 2006 na saya wa nawa, silinda huɗu, injin 1.8. Ba ta da shan mai, kayan gyaranta kuma ko'ina a Sabon Gari akwai. Abin da ya fi kwantar min da hankali shi ne ba ta fizgar yaro in ya taka totur. Mai silinda shida kam kada ki yarda, ko zai yi kwana uku yana fushi.

Wani uba, Wusasa: Ni kyan fenti ne ya ruɗe ni. Dillalin ya wanke ta tas, tayoyin har ƙyalli suke, zanensu bai cinye ba. Wata biyu da saye, ana yayyafi, yarona ya taka birki wajen Ɗan Magaji saboda ɗan acaba ya gitta, motar ta sulale ta daki gefen kwalbati. Allah Ya tsare, bel ɗin da ya ɗaura ne ya hana ƙirjinsa haɗuwa da sitiyari. Da mai faci ya duba, ashe tayoyin sun shekara tara. Har yau in na tuna wayar da aka yi min a daren nan jikina sanyi yake.

Bakanike, Sabon Gari: Alhaji, Allah Ya kiyaye gaba. Hajiya, a jikin kowace taya akwai lamba huɗu a ƙarshen rubutun da ya fara da DOT: biyun farko mako, biyun ƙarshe shekara. In kika ga 2319, mako na 23 ne a 2019. 'Yan Road Safety shekara huɗu suke ba taya. Sannan a murɗa makulli kafin a tayar da inji: fitilar jakar iska da ta ABS (na'urar da ke hana taya kullewa in an taka birki, in motar na da ita) dole su kama, bayan 'yan daƙiƙu su mutu. Wadda ba ta kama ba sam, wataƙila an cire ƙwan ne don a ɓoye matsala. A ɗaga kafet a shinshina, motar da ruwa ya taɓa cinyewa warinta ba ya ɓuya. A kuma hau da ita hanya mai gargada a saurari ƙarar ƙafafun motar. Ki je da bakanikenki, ba wanda dillali ya kawo ba.

Wata yaya, Gyallesu: Mama, kafin mota a fara da makarantar koyon tuƙi da lasisi na gaske, da inshora. Ƙanina sai da ya yi wata uku ina gefensa, ba tuƙin dare, ba kwasar abokai, ba hawa titin Kaduna.

Uwar, Hanwa: Na gode, Allah Ya saka da alheri. Na karanta masa labarin Alhaji, ya yi shiru. Ranar Asabar za mu je ganin wata Corolla tare da ƙanin mahaifinsa da bakanikenmu, na rubuta lambar taya da maganar fitilun a takarda.