Daga soyayya zuwa labarin bincike mai ban dariya: zai karɓu a wajenmu?

Maman Husna, Birnin Kebbi:
Assalamu alaikum 'yan uwa marubuta. Na daɗe ina rubuta littattafan soyayya ina sakewa a WhatsApp, amma yanzu raina ya koma ga labarin bincike, wanda za a yi aika-aika a ƙaramin gari, a bi sawun mai laifi, mai karatu kuma yana dariya. Wadda ta sa min ƙaimi ita ce M.C. Beaton, 'yar Glasgow, haihuwar 1936. Sunanta na yanka Marion Chesney. Ta yi aiki a shagon littattafai, ta yi aikin jarida, ta rubuta littattafan soyayya birjik, sannan a 1985, tana dab da shekara hamsin, ta fito da ɗan sandan ƙauye Hamish Macbeth. A 1992 ta ƙaro Agatha Raisin, mace mai tsiwa da ta bar aiki a Landan ta koma ƙauye, ta sayo abinci a kanti ta shiga gasar girki da shi a matsayin nata, alƙalin gasar ya ci ya mutu. Ba ta ajiye alƙalami ba har ta rasu a 2019. Tambayata: mutanenmu za su karanta irin wannan?

Malamin Kanta, Argungu:
Wa alaikumus salam Hajiya. Za su karanta mana! Littafin Macbeth na farko ai a wurin koyon kamun kifi anka yi kisan. Ke kuma ga kogin Matan Fada na Argungu kusa da ke. Ranar bikin kamun kifi, ga masunta da goruna da homa, ga baƙi, ga 'yan kallo, kowa abin zargi ne.

Inna Talatu, Gusau:
Ɗiyata, ban hana ki ba, amma ki yi hankali da gawa. Su can kisa a ƙauye abin mamaki ne, shi ya sa suke iya raha a gefensa. Mu nan Zamfara ba gidan da bai karɓi gaisuwa ba. Ni dai ba zan iya dariya a kansa ba wallahi. Ki duba Alexander McCall Smith, tsohon farfesan shari'a a Edinburgh, da ya ƙirƙiro Mma Ramotswe, mace mai bincike a Botswana, a 1998. Yawancin ƙararrakin da ake kawo mata na miji ne mai yawon dare, ko ɗan damfara, ko wanda ya ɓata. Dariyar daga halin mutane take fitowa, kuma ba a wulaƙanta kowa.

Maman Husna:
Inna, maganarki ta shige ni. To zan bar kisa. Ina da labarin kuɗin adashi da suka ɓace daga ɗakin uwar adashi ana jibi kwasar mai aurar da ɗiya, mai binciken kuma tsohuwa mai sayar da ƙuli-ƙuli da ke shiga kowane gida ba a tambaye ta dalili. Inda na cije shi ne ɓarawon: in sa shi cikin 'yan adashin, ko cikin 'yan gidan?