Saiwar doka ta ƙi nuna fumfunarta

Ɗalibar Samaru: Assalamu alaikum malamai. Ana rina saiwar dawa a ga zaren fumfunar ƙasa (wadda ke zaune tare da saiwa tana taimaka mata shan abinci) sarai a madubin awo, wato maikuroskof, amma ta doka da ɗorawa sai ta fito baƙi ƙirin. Ina matsalar take?

Malamin Ƙasa: Wa alaikumus salam. Saiwar itace cike take da tanin, sinadarin da ke sa ta yi duhu, sai an wanke ta tas. Ki zaɓi ƙananan saiwoyi masu kaurin zare, ki yanka tsawon santimita 1. Ki dafa cikin ruwan KOH (sinadari mai wanke cikin saiwa) kashi 10 cikin ɗari a zafin digiri 90 na Salshiyos. Ta dawa minti 20 ya isa, ta ɗorawa kan ci awa guda, ana sauya ruwan in ya yi ja. In duhun ya ƙi fita, a jiƙa cikin haidurojin feroksaid, sinadarin da ke kore launi. Sannan a jiƙa cikin asid na HCl kashi 1 cikin ɗari kafin rini, domin rini ba ya kama saiwar da ba ta yi tsami ba.

Mai Gandun Daji: Malam, a gafarce ni, doka daban ce. Fumfunarta riga take yi wa kan saiwa daga waje, ba ta kutsawa cikin ƙwayoyin saiwar kamar ta ɗorawa. Kada ta dafa. Ta wanke, ta duba kawunan da suka kumbura babu gashi.

Malamin Ƙasa: Gaskiyarka. Kuma ta haƙa da damina, wajen Agusta, a bi saiwar har gindin bishiyar, kada a kwaso ta ciyawa.