Wai ƙarfen da masu hawan dutse ke murɗawa cikin ƙanƙara, yaya yake riƙe mutum?

Ɗan Birni: Salamu alaikum 'yan uwa. Na ga bidiyon masu hawan Everest, mutum ya fiddo wani ƙarfe da bai wuce taƙi ɗaya ba ya murɗa cikin bangon ƙanƙara ya saƙala igiya ya rataya da dukkan nauyinshi. Ni ƙanƙarar da na sani ta masu saidawa a Kasuwar Dole ce, kana buga mata ƙusa sai ta tarwatse, to mi ke hana tasu fashewa?

Malam na Zango: Wa alaikumus salam ƙanena. Ai ba bugawa ake ba, murɗawa ake kamar bis, kuma cikinshi rami ne, bututu ne mai haƙora a baki da zare a jiki, yana shiga yana yanka garin ƙanƙarar na fita ta baya, shi ya sa ba ta tsagewa. Tsawonshi daga santimita 10 zuwa 22, in ƙanƙara mai kyau ce yana ɗaukar wajen tan ɗaya. Amma fa ƙarfin na ƙanƙarar ne, sai an fara kankare ruɓaɓɓiyar ta sama an kai ga mai tauri.

Hajiya Mai Karatu: Malam ka manta maganar rana, ita ce ke ba ni tsoro wallahi. Ƙarfen na ɗaukar zafi ya narkar da abin da ke kewaye da shi har ya yi sako-sako, don haka suke rufe kanshi da dusar ƙanƙara. In za su sauko kuma ba sa barin ƙarfen, suna huda ramuka biyu da suka haɗu a ciki su zura igiya, dabarar Abalakov ce, wani mai hawan dutse na Tarayyar Sobiyet.

Ɗan Birni: Allah ya saka. Ni mai walda ne, ashe zan iya ƙera irinshi?

Malam na Zango: Siffar za ka iya, amma kar wani ya rataya ranshi a kai. Na kamfanoni irin Petzl sai an ja su da inji an auna kafin a saida. Kuma ko dutsen Bagzan da ya fi kowane tsawo a Nijar, mita 2022, ba shi da ƙanƙarar da za ka gwada shi.