Rubutu yana kifewa a GeoGebra, ina neman taimako

Assalamu alaikum 'yan uwa malaman lissafi. Ni malami ne a Garwa, ina shirya wa ɗalibai masu zana jarrabawar BEPC darasin alwatika a manhajar lissafi ta GeoGebra. So nake rubutun da ke nuna tsawon gefen AB ya kwanta a jikin layin, ya karkata yadda layin ya karkata.

Na yi amfani da RotateText, umarnin da ke juya rubutu bisa kusurwar da aka ba shi. Da farko na sa 30 kawai, rubutun ya juye wani wajen daban, ashe in babu alamar digiri, radiyan (wani ma'aunin kusurwa daban) manhajar ke ɗauka. Wannan na gyara. Sai na ba shi kusurwar layin AB ɗin kanta domin ya riƙa bin sa. Ya bi kuwa, amma da zarar na ja B zuwa hagun A, kusurwar ta haura 90°, sai rubutun ya koma kai ƙasa. Yara kuma kun san su, abin dariya ba ya wuce su.

Na san a nan 180° ya kamata a rage, amma yadda zan rubuta sharaɗin da umarnin If ne ya gagare ni, kwana biyu ke nan ina fama. Kuma rubutun yana gocewa daga tsakiyar layin duk sanda ya juya. Don Allah wanda ya taɓa warware wannan ya nuna mini, ranar Litinin zan yi darasin.