Al'adar ƙanwata ta rikice, jini ya ƙi daina ɗiga

Salam 'yan uwa, dan Allah a taimaka min. Ƙanwata ce shekararta 15, bara ta fara al'ada amma har yau bata daidaita ba, sai tayi wata biyu bata gani ba, in yazo kuma ya kwana tara, tayi wanka ta fara sallah kwana biyu sai ɗigon jini baƙi-baƙi ya dawo a kamfanta, ga jiri in ta miƙe. Kemis ya bata maganin ƙarin jini, Umma ta jiƙa mata kanumfari, shiru. A asibiti anyi sikanin sunce lafiya lau wai mu jira. Yau kwana 12 kenan yana ɗiga. Wane gwajin jini zamu roƙi likita yayi mata?