Babylon: inda masu kallo ke tashi da inda suke zama daram

Mai tambaya: Jama'a, waɗanda kuka ga yadda 'yan kallo suka karɓi Babylon, fim ɗin darakta Damien Chazelle kan Hollywood ta shekarun 1920, wanda ya fito a Disamba 2022, ku ba mu labari. Minti 189 ne, kuma a ƙuri'ar jin ra'ayin 'yan kallo ta CinemaScore a Amurka C+ kawai ya samu.

Mai haska fim: Wuri biyu ake tashi. Na farko kafin sunan fim ɗin ma ya bayyana (sai wajen rabin awa da farawa yake fitowa): giwa ta yi wa mutum kashi a ka, sai dandalin shaye-shaye da tsiraici. Mai iyali nan yake ɗaukar takalminsa. Na biyu can gaba, a ramin da ɗan wasa Tobey Maguire ya kai su Manny, ɗaya daga cikin taurarin labarin, inda wani ƙato ke cin ɓera da rai.

Mai ɗaukar sauti: Gaskiyarka malam, amma akwai inda ko tari ba ka ji: ranar da Nellie, 'yar wasan da Margot Robbie ta fito a matsayinta, ta fara fim mai magana. Ta wuce alamar da aka zana mata a ƙasa, a sake. Ta ɗaga murya, a sake. Wani ya buɗe ƙofa, wani ya yi atishawa, a sake. Wannan wahala an sha ta bayan The Jazz Singer na 1927, fim ɗin da ya buɗe ƙofar finafinai masu magana. Kyamarar lokacin ƙara gare ta, makirfo kuma ba ya zaɓe, shi ya sa ake rufe ta da mai ɗaukar hoto cikin akwati mai taga ta gilashi. Fanka a kashe, ga fitilu masu zafi da suka maye gurbin tsofaffin masu ƙara. A Vitaphone kuwa, wani tsarin haɗa fim da sauti na lokacin, kan faifai mai faɗin inci 16 ake naɗar sauti, ba a yanka shi a liƙa. Kuskure ɗaya, a koma farko. Dariya ake har a buɗe akwatin a ga mai ɗaukar hoton ya mutu, sai zaure ya yi tsit.

Mai ɗinkin kayan fim: Masu sanin tarihi gashin Margot Robbie ne ya dame su. Yayin 1926, shekarar da labarin ya fara, gajeren gashi ne, nata kuwa a barbaje har kafaɗa.

Mai haska fim: Hajiya, wannan ƙarami ne kan ƙarshen. Manny na zaune a sinima a 1952, sai ga guntayen finafinai har da Avatar, sannan launuka zalla. Wasu na share hawaye, na kusa da su na jan tsaki suna lalubar makullin mota.